Amsa-Amo da Kari da Maimaici a Waƙar Haƙuri: Nazari Domin Masu Shirya Littattafan Karatu na Kwarin Komadugu

1.0 Gabatarwa

Jigon haƙuri da karɓar abin da lokaci ya zo da shi yana cikin tsofaffin jigogin rubutacciyar waƙar Hausa. Tun daga waƙoƙin wa'azi na masu jihadi a ƙarni na 19, marubuta ba su gushe ba suna tunatar da jama'a cewa daɗi da wuya baƙi ne, kowanne da ranar zuwansa da ranar tafiyarsa. Manazarta sun yi magana mai yawa a kan abin da irin waɗannan waƙoƙi ke faɗa, amma yadda zubinsu ke taya su faɗar abin bai sami irin wannan kulawa ba.

Manufar wannan maƙala iri biyu ce. Ta farko ita ce a nuna cewa a waƙar haƙuri kari da amsa-amo da maimaici suna ɗauke da wani kaso na saƙon, watau kunne yakan ji wani abu yana canzawa, wani kuma yana nan daram, tun kafin zuciya ta gama auna ma'anar kalmomin. Ta biyu ita ce a jawo hankalin masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ga cewa kari, wanda shi ne ginshiƙin sauran biyun, ya dogara ne da nauyin gaɓa, alhali rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. An ɗauki garin Diffa da kwarin Komadugu a matsayin fagen nazari domin a can matsalar ta fi fitowa fili.

2.0 Kwarin Komadugu da Mazaunansa

Komadugu Yobe ya samo ruwansa ne daga kogin Haɗeja da kogin Jama'are, waɗanda suka haɗu kusa da Gashuwa a Nijeriya. Daga nan ya miƙa gabas, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya na kimanin kilomita 150, ya bi ta gefen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi wajen Boso. A yawancin shekaru ruwa yakan iso Diffa wajen watan Yuli, ya kai maƙura a Nuwamba ko Disamba, watau bayan damina ta ɗauke, sa'an nan ya janye har mutum ya ƙetare kogin da ƙafa a cikin bazara. Ruwan da manomin tattasai na Shetimari ko Geskeru ke ban-ruwa da shi, a ƙasar Kano ko tsaunukan Jos aka yi shi, ba shi da iko a kan yawansa ko ranar isowarsa.

Mazauna kwarin sun ga sauye-sauye masu tsanani. An yi fari a 1973 da 1984. An gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, duka biyu a ƙasar Kano, suka sauya yadda ruwa ke gangarowa. A Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, ƙauyukan bakin kogi da dama suka tashi, aka kuma hana cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. A 2019 kogin ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje. A 2021 aka fara mayar da wasu 'yan gudun hijira garuruwansu. Waƙar da ta ce yau za ta wuce, a nan ba ta bukatar sharhi.

Ta fuskar harshe kuwa, Barebari ne suka fi yawa, musamman Mangawa da Mobawa, sai Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma. Hausa harshen kasuwa ne da tasha da rediyo, kuma ga mafi yawan jama'a harshe na biyu ne. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, Nijar ke gwada koyarwa da harsunan ƙasa, kuma kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Saboda haka littafin Hausa da za a kai Diffa zai faɗa ne hannun mai karatun da ke jin Hausa, amma ba da ita ya buɗe baki ba.

3.0 Magabatan Wannan Jigo

Waƙoƙi biyu sun isa a ambata domin a san tushen abin da ake magana a kansa. Ta farko ita ce ƙasidar Larabci da ake kira Munfarija, ta Ibn al-Nahwi, malamin Arewacin Afirka wanda ya rasu a 1119. Jigonta shi ne tsanani ba ya dawwama, buɗi yana bayansa. An gina ta a kan karin Mutadarak, nau'in da ake kira Habab, kuma kowane baiti nata yana ƙarewa da harafin jim.

Ta biyu ita ce Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya wanda ya rasu a 1990. Sunanta da na Munfarija daga saiwa ɗaya suka fito a Larabci, mai ma'anar yayewar ƙunci. Waƙa ce 'yar ƙwar biyar, mai sassa da yawa, kuma bazuwarta ta bakin makafi da almajirai masu rerawa ba ta gaza bazuwarta ta takarda ba. Russell Schuh ya yi nazarin karinta a mujallar Harsunan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980. Kafin nan Joseph Greenberg ya nuna a 1949 cewa rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya kamar ta Larabci, M.K.M. Galadanci kuma ya faɗaɗa bayanin wannan dangantaka a 1975.

Abin da za a ɗauka daga waɗannan biyu shi ne kari na farkon da zubin baiti na biyun.

4.0 Baitocin Misali

Baitoci uku da ke biye an tsara su ne musamman domin wannan maƙala, a kan Mutadarak, cikin zubin ƙwar biyar, da kalmomin da mazaunin bakin kogi ya saba da su. An rubuta su da ƙa'idar rubutu ta yau da kullum.

(1)
Kogi ya zo da ruwa da yawa,
Aka kori talauci, har yunwa,
Yara na can gaɓa da rawa,
Tsofaffi sun zauna inuwa,
Shukura, wannan ma za shi wuce.

(2)
Kogi ya ja, rani da fari,
Rumbu ya ƙare har da iri,
Yara sun bar gona da gari,
Tsofaffi na ta jiran hadari,
Haƙuri, wannan ma za shi wuce.

(3)
Kogi na nan, haka ma fadama,
Wani ya yi gudu, wani ya koma,
Wani na kuka, wani na noma,
Kowa da rabonsa a gun nema,
Mu yi aiki, yau ma za ta wuce.

5.0 Kari

5.1 Nauyin gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, watau baƙi da gajeren wasali, kamar da, BWW, watau baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar koo ko yau, sai BWB, kamar har. Ta farko marar nauyi ce, ana yi mata alamar (v). Sauran biyun masu nauyi ne, ana yi musu alamar (–). Idan aka ba marar nauyi awo ɗaya, mai nauyi awo biyu take ɗauka.

Bisa ga al'adar malaman aruli, Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara karuruwa 15 a ƙarni na 8, almajirinsa Ahfash ya ƙara Mutadarak ya zama na 16. A nau'in da aka yi amfani da shi a nan, ƙafa tana zuwa da siga biyu: fa'ilun (v v –) ko fa'lun (– –). Kowace awo huɗu ce, kuma ƙafa huɗu ke yin ɗango. Ga yadda ɗangogi uku ke yankuwa, an ninka wasali inda yake dogo:

koo-gii / yaa zoo / da ru-waa / da ya-waa
– – / – – / v v – / v v –

rum-buu / yaa ƙaa / ree har / da i-rii
– – / – – / – – / v v –

wa-ni yaa / yi gu-duu / wa-ni yaa / koo-maa
v v – / v v – / v v – / – –

Na farko gaɓa 10 ne, na biyu 9, na uku 11, amma dukkansu awo 16 ne. Wanda ya ƙidaya gaɓoɓi zai ce ɗangogin ba su daidaita ba. Wanda ya tafa hannu sau huɗu a kowane ɗango zai ji sun zo daidai.

5.2 Aikin kari a cikin jigo

Kowane baiti yana da ƙafa 20. Ga yadda suka rabu:

Baiti na 1: (v v –) 8, (– –) 12, gaɓoɓi 48
Baiti na 2: (v v –) 7, (– –) 13, gaɓoɓi 47
Baiti na 3: (v v –) 11, (– –) 9, gaɓoɓi 51

Baitin fari shi ya fi yawan ƙafafu masu nauyi, ɗangoginsa uku na farko kowanne yana jan ƙafa sau uku kafin ya yi sauri a ƙarshe. Baitin aiki shi ya fi gaggawa. Duk da haka lokacin da mai rerawa ke ɗauka a kan kowanne ɗaya ne, awo 80. Ke nan kari yana ba shekarar yalwa da shekarar yunwa lokaci daidai wa daida, bai tsawaita ɗaya ba, bai gajarta ɗaya ba. Wannan shi ne kason farko na saƙon da zubi ke ɗauke da shi.

5.3 Yadda kari ke zaɓen kalma

Kalmar haƙuri sigarta (v v –) ce, watau ƙafa guda ce cikakkiya a wannan kari. Kishiyarta a baiti na 1 da an so a ce godiya, amma goo-di-yaa (– v –) ce, awo biyar, ba ta shiga. Shi ya sa aka ɗauko shukura, wadda ta zo da (v v –). Haka nan zai wuce (– v –) ba ta zauna a ƙarshen ɗango, sai aka koma ga za shi wuce, yadda ake faɗa a Hausar yamma. Da a ce karin Mutaƙarab ne ko Ramal, inda (– v –) ke samun wuri, da marubuci ya fi son hanƙuri da godiya. Ya kamata mai gyaran rubutu ya san haka, domin idan ya mayar da za shi zuwa zai, ko hanƙuri zuwa haƙuri, da sunan daidaitacciyar Hausa, ya karya waƙar.

6.0 Amsa-Amo

6.1 Ƙarami da babba

Waƙa 'yar ƙwar biyar tana da amsa-amo biyu. Ƙarami, ko na ciki, shi ne wanda ɗangogi huɗu na farko suka yi tarayya a kansa, yana kuma sauyawa daga baiti zuwa baiti. Babba, ko na waje, shi ne na ɗango na biyar, ba ya sauyawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. A misalin da ke sama tsarin shi ne:

Baiti na 1: wa, wa, wa, wa / ce
Baiti na 2: ri, ri, ri, ri / ce
Baiti na 3: ma, ma, ma, ma / ce

A waƙar yabo ko ta siyasa wannan tsari ƙa'ida ce kurum da marubuci ya gada. A waƙar haƙuri kuwa ya dace da jigo ƙwarai. Kowane hali yana zuwa da amonsa, ya mamaye kunne sau huɗu har mai sauraro ya saba da shi, sai ɗango na biyar ya zo ya kawar da shi. Amon wa na yalwa bai sake dawowa ba, amon ri na fari ma haka. Abin da ke dawowa shi ne ce, kuma kalmar da ke ɗauke da shi ita ce wuce. Mai sauraro da ya kai baiti na 3 ya riga ya san inda za a sauka, saboda haka yana jin ƙarshen halin tun yana tsakiyarsa.

Munfarija, da yake amsa-amo ɗaya ne gare ta, tana nuna dawwama ne kaɗai. Zubin ƙwar biyar yana da damar nuna dawwama da sauyi a lokaci guda, kuma watakila wannan na cikin dalilan da suka sa ya karɓu ga masu wa'azi.

6.2 Amsa-amon kari

Ɗalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa wasu marubuta sukan daidaita karin sautin ƙarshen ɗango ban da baƙi da wasali. Idan aka auna baiti na 2 da wannan ma'auni, za a ga fari da iri da hadari duk sun ƙare da sautin ƙasa, gari kuwa ya ƙare da sautin sama. A baiti na 1 ma rawa ce ta fita daga sahun yawa da yunwa da inuwa. A baiti na 3 an raba biyu: fadama da koma ƙasa, noma da nema sama. Ɗangogi na biyar duka sun sauka ƙasa. Rashin cikar amsa-amon kari ba aibi ba ne a ƙa'idar aruli, amma Bahaushe yana jin bambancin, kuma saukar murya a kan wuce tana ƙara wa rufewar baiti natsuwa.

7.0 Maimaici

Maimaicin da ke cikin baitocin iri huɗu ne.

(a) Maimaicin mabuɗi. Kowane baiti ya fara da kogi. Abin da ke biye da shi ne ke sauyawa: ya zo, ya ja, na nan. Bambancin yalwa da fari a rabin farko na ɗango na farko gaɓa ɗaya ce tak, zo da ja.

(b) Maimaicin gurbi tsakanin baitoci. Yara suna ɗango na uku a baiti na 1 da na 2, tsofaffi suna na huɗu. Mutanen ɗaya ne, gurbinsu ɗaya ne, halinsu ne ya juya. Waƙar ba ta ce duniya juyi-juyi ce ba, ta bar mai sauraro ya gani da kansa.

(c) Maimaicin cikin ɗango. A baiti na 3 wani ya zo sau huɗu, ya raba ɗangogi biyu gida biyu-biyu. Abin da aka jera a baya shekara bayan shekara, a nan an jera shi kafaɗa da kafaɗa: mai gudu da mai komowa, mai kuka da mai noma, duk a rana guda.

(d) Amshi mai sauyi. Ɗango na biyar yana aiki kamar amshin waƙar baka, amma ba a maimaita shi tsaf ba. Tsakanin na 1 da na 2 ƙafa ɗaya aka canza. Wanda ya ji shukura a gurbin da daga baya ya ji haƙuri zai fahimci cewa gargaɗin mai yalwa da lallashin mai ƙunci magana ɗaya ce. A na 3 aka canza ƙafar farko da ta biyu, aka mayar da wannan ya zama yau, aka sa umarni a gurbin suna.

Wannan sauyi na ƙarshe yana da muhimmanci ga masu tsara manhaja. Waƙar da ta tsaya a kan haƙuri kaɗai tana iya zama wa wanda ya rasa gona da gida kamar an ce ya yi shiru. Hausawa da suka ce haƙuri maganin zaman duniya, su ne kuma suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Da yake kunne ya riga ya saba da amshin sau biyu, karya shi a karo na uku shi ne wurin da ya fi jan hankali a duk waƙar, kuma a nan aka ajiye kiran aiki. Ke nan ƙarfin maimaici yana bayyana ne a inda aka saɓa masa.

8.0 Matsalar Rubutu

Duk abin da aka faɗa a sashe na 5 ya rataya ne a kan sanin wasalin da ke dogo da wanda ke gajere. Rubutun boko ba ya nuna wannan. Ga kalmomi huɗu daga cikin baitocin:

gaɓa: gaaɓaa (bakin kogi), gaɓaa (yankin kalma ko mahaɗar ƙashi)
fari: farii (rashin ruwan sama, ko launi), faarii (mafari, ko jam'in fara)
gari: garii (mazauni), gaarii (niƙaƙƙen hatsi)
ya: yaa (kogi yaa zo), ya (da kogi ya zo)

Idan mai karatu ya gajarta gaɓar farko ta gaɓa a baiti na 1, ƙafa ta uku za ta koma (v –), awo uku, tafi ya goce. Idan ya ja wasalin fari a baiti na 2, ƙafar ƙarshe ta koma awo biyar, ma'ana kuma ta tashi daga rashin ruwa ta koma ɓarnar fara. Kalmar ya ta zo sau biyar a baitocin, duka da dogon wasali, kuma babu wata alama a takarda da ta faɗi haka.

Wanda Hausa ce harshensa na farko yakan cike wannan giɓi ba tare da ya sani ba. Ba haka abin yake ga kowa a Diffa ba. Harshen Barebari bai dogara da tsawon wasali wajen rarrabe kalmomi kamar yadda Hausa ta dogara ba, saboda haka mai karatu Bamange yana bukatar a nuna masa. Bafulatani yana da wannan bambanci a harshensa, amma a rubutun Fulatanci ya saba ganin an ninka dogon wasali, to rashin ninkin a Hausa yana iya sa ya ɗauka wasalin gajere ne. Almajirin da ya taso da allo, ya iya ajami, ya saba ganin alif da wau da ya suna nuna tsawo, don haka rubutun ajami ya fi boko kiyaye kari ta wannan fuska.

Nijar ta taɓa bin wata hanya dabam. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta shirya a kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, an yi ta ninka dogon wasali a takardun yaƙi da jahilci, kamar yadda sunayen jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii suka nuna. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Wannan ya sa littafin Zariya ya karantu a Maraɗi, na Yamai ya karantu a Kano, ribar kuwa babba ce. Waƙa ce ta biya kuɗin wannan haɗin kai.

9.0 Shawarwari

Ba a neman a sake ƙa'idar rubutu. Abin da ake nema gyara ne a yadda ake buga waƙa a littafin masu koyo.

(i) A buga baitin farko na kowace waƙa sau biyu, ɗaya da ƙa'idar yau da kullum, ɗaya an ninka dogayen wasula an kuma raba ƙafafu, kamar yadda aka yi a 5.1. Baiti ɗaya ya isa ya ɗora mai karatu a kan kari.

(ii) A sauran baitoci a sa alama a kan kalmomin da tsawon wasali ke sauya ma'anarsu kaɗai, domin kada shafi ya cika da alamomi.

(iii) Malami ya rera waƙa, 'yan aji su tafa, kafin a buɗe littafi. Inda hali ya yi, a haɗa littafin da murya da aka ɗauka, ta rediyon gari ko ta wayar salula.

(iv) A fara koyar da karatu daga amshi da mabuɗi. A baitocin da ke sama kalmar wani ta zo sau huɗu, kogi da wuce sau uku-uku, yara da tsofaffi da wannan sau biyu-biyu. Wanda ya haddace amshi zai iya ɗora yatsa a kan kalmar da bakinsa ke faɗa, daga nan ya gane ta a wani gurbi.

(v) A yi amfani da ƙaramin amsa-amo wajen koyar da gaɓa. Baiti na 2 kaɗai ya ba da ri sau huɗu a ƙarshen ɗango, a wurin da ido ya fi saurin gani.

(vi) Kada mai gyara ya taɓa kalmar waƙa sai ya auna ta. Sigogi irin su hanƙuri da za shi da gun a bar su yadda marubuci ya sa, a yi bayaninsu a ƙasan shafi.

(vii) A tattara waƙoƙin da mazauna kwarin ke yi da kansu, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a ɗauki muryar masu su, a auna su kafin a rubuta. Baitocin da aka tsara a ofis misali ne kawai, ba za su maye gurbin waɗannan ba.

10.0 Kammalawa

An nuna cewa a waƙar haƙuri kari yana ba kowane hali lokaci daidai, ƙaramin amsa-amo yana zuwa ya tafi tare da halin, babban amsa-amo yana dawowa, maimaici kuma yana shirya kunne domin wurin da za a saɓa masa. An kuma nuna cewa rubutun boko yana ɓoye nauyin gaɓa, kuma wanda ya fi cutuwa da wannan shi ne mai koyon da Hausa harshensa na biyu ne, irin wanda ya fi yawa a Diffa da Maine-Sorowa da Boso. Abin da ya rage ga manazarta shi ne gwaji a cikin aji: a ba rukuni ɗaya baitoci da alamar tsawon wasali, a ba wani ba tare da ita ba, a ɗauki karatunsu, a ƙidaya ƙafafun da suka karye a bakin kowanne bisa ga harshensa na farko. Sakamakon irin wannan gwaji ne zai nuna yawan alamar da littafin kwarin Komadugu ke bukata.